Bijimin Yumɓu na Ƴar Yekuwa

Ni tun ina ƙarama hannuna ba ya zama wuri ɗaya. In na shiga ɗakin mace na ga kwanukanta a karkace, kafin ta kawo mini ruwa na jera mata su. Innata takan ce da karambani sana'a ce, da tuni na gina gidan siminti. Da wannan hali na girma, da shi na yi aure, da shi na shiga aikin koyarwa, kuma shi ne ya ja mini abin da har yau in na tuna nake jin kunyar kaina.

Na yi shekaru ina koyar da ƙananan yara a wata lakwal, wato makarantar boko, a garin Magaria kafin a ce za a buɗe aji na yara makafi da masu raunin gani. Aka tura ni Damagaram na yi ƴan makonni ina koyon rubutun makafi, wanda ake huda takarda da tsinken ƙarfe a karanta da kan yatsa. Da na dawo aka share mini ɗakin da ake jibge karyayyun bencina, aka ba ni yara bakwai. Da safe karatu da lissafi. Talata da Alhamis da yamma kuma zane, don direktan lakwal ɗin ya san ni ce mai zana taswira da sassan jikin mutum a allunan sauran azuzuwa. Ya ce ai abin nema ya samu. Ni ma haka na ɗauka.

Ranar farko na zo da kwali. Na lanƙwasa siririyar igiya na manna ta a kai da danƙo, na fitar da siffar akuya, har da gemu da ɗan wutsiya. Na miƙa musu suka riƙa shafawa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya shafa ya miƙa wa na kusa da shi. Na ce musu akuya ce. Suka ce to. Sai da kwalin ya kai hannun wata yarinya da ke zaune daf da taga, ta daɗe tana bin igiyar da yatsa, sannan ta ɗago kai ta ce:

"Madam, wace mota ce ta take ta?"

Ajin ya kwashe da dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce akuyar da ta sani tana da ciki, tana da gefe biyu, in ka rungume ta hannunka ba ya haɗuwa. Wannan kuwa fata ce aka shanya. Ta kuma tambaye ni dalilin da ya sa ƙafafun huɗu suka jeru a layi ɗaya.

Wannan ita ce ƴar Yekuwa. Haka muke kiranta, don daga wani ƙauye ta wajen can aka kawo ta. Shekarunta ba za su wuce sha uku ba a lokacin. Ƙyanda ce ta tafi da idonta tana ƴar shekara huɗu, abin da ya rage mata shi ne ta bambance haske da duhu, shi ya sa take son zama kusa da taga. A garin tana zaune wurin goggonta, ƙanwar babanta, mai yin ƙuli-ƙuli a bayan tasha. Yarinya ce mai kaifin kai da kaifin baki, kuma duk biyun ba ta ɓoye su.

Na koma gida ranar ina ta faɗa da duk wanda ya gifta. Washegari na nufi unguwar masu ginin tukwane. Wata tsohuwa a can ta saurare ni har na gama surutuna, sannan ta ɗebo mini yumɓu a buhu. Ta nuna mini yadda ake kwaɓa shi da ƙaiƙayi don kada ya tsage, da yadda ake lulluɓe aikin da ba a gama ba da jiƙaƙƙen tsumma ya kwana da taushinsa. Ta ce in mun tara abin da muka gina ya bushe, in kawo ta sa mana a cikin gashin tukwanenta. Wani uba ya aiko cewa shi bai kawo ɗansa a koya masa yin gumaka ba. Aka kai maganar wurin limamin unguwa, ya ce wane ne a cikinmu bai gina shanun laka a bakin tafki ba yana yaro? Muka tsaya a kan cewa ba za mu yi siffar mutum ba, maganar ta mutu a nan.

Da yumɓu ya shigo, ajin ya canza. Yaran da ke zama shiru suka fara gardama a kan yadda bakin tulu yake. Ni ce dai ban canza ba. Ba na iya zama a kujera. Ina zagaya su, in tsaya a kan wannan, in kama hannun wancan in murɗa masa yadda nake so. In na tsaya a kan ƴar Yekuwa ba ta ko ɗago kai, sai ta ce, "Madam, kin tare mini haske." Sai in matsa, in yi zagaye ɗaya, in sake dawowa.

Babanta ya zo bayan kaka. Ya kawo wa ƙanwarsa hatsi, ya biyo ta lakwal don ya ga inda ƴarsa ke wuni. Dogon mutum ne, marar yawan magana, kuma ba mugu ba ne, wannan ina so a sani. Na ɗauko takardar da ta rubuta da hannunta na ba shi ina alfahari. Ya juya gaba, ya juya baya, ya ɗaga ta sama yana kallon ƴan hujojin. Ya ce shi dai bai ga komai ba sai takardar da kamar gara ta ci. Na sa ta karanta masa, ta karanta. Ya ce ai tun tana ƙarama in ta ji abu sau ɗaya ta riƙe, ta yaya zai san ba haddacewa ta yi ba? Daga nan ya faɗi abin da ya kawo shi. Uwarta tana fama da ciwon baya, kuma yarinyar a gida tana da amfani, ta iya daka, ta iya surfe, ɓarar gyaɗa kuwa ba mai kamo ta. A nan bai san me take yi ba. Ya ce zai bar ta ta ƙarasa shekara. Ranar da za a rufe lakwal zai dawo, in ya ga wani abin da ta koya da idonsa, ta zauna. In bai gani ba, su tafi tare.

"Ido ba mudu ba ne, Madam," in ji shi, "amma ya san ƙima."

Tun daga ranar maganar nan ta zauna mini a ƙirji. Na san yarinyar tana son zama. Ta taɓa gaya mini cewa a ƙauye in ana magana a kanta, ta saman kanta ake yi, a tambayi uwarta ko ta ci abinci alhali ga ta zaune. A lakwal kuwa ita ake tambaya, har a jira amsarta. Na ƙudurta a raina ba za a ɗauke mini ita ba. Na kuma gane cewa takarda ba za ta cece mu ba. Sai abin da mutumin nan zai riƙe a hannu ya juya, ya ce lalle an yi aiki.

Da bazara ta shigo na ce kowa ya gina abin da ya fi sani a duniya, za mu gasa mu nuna wa iyaye ranar rufe lakwal. Wani ya ce tulu, wata ta ce takalmin kakarta, wani ya ce rediyo. Ƴar Yekuwa ta ce bijimin da ke jan amalanken gidansu za ta yi. Tun yana ɗan maraƙi ita ke ba shi dusa.

Mako uku ta yi a kansa. Ba ta gaggawa. Takan daɗe hannunta a kan yumɓun ba ta motsa ba, sai ka ce sauraren wani abu take yi, sannan ta danna da babban yatsa sau ɗaya. Ni kuwa ina bayanta, ina lissafin kwanakin da suka rage. Tozon ya fito sosai. Haƙarƙarin ma in ka shafa sai ka ƙirga su. Fatar nan mai reto a ƙarƙashin wuya har da naɗe-naɗenta. Amma ƙahon hagu guntu ne, bai kai rabin na dama ba. Kunnen dama a tsage. A bayan wuya, gaban tozo, ga wani kumburi mai kaushi. Ƙafafun baya ƴan sirara, kamar ba ta damu da su ba. Idanun kuwa babu su, ƴan layuka biyu kawai ta ja.

Ranar Alhamis ta ƙarshe ta goge hannunta a zani ta ce ta gama. Na ce, "Kin tabbata?" Ta ce ta tabbata. Ban tambaye ta ƙahon ba. Ban tambaye ta kunnen ba. A raina na riga na yanke cewa yarinya ce marar gani, ta yi iyakar ƙoƙarinta, sauran kuskure ne. Tambaya ɗaya ce tsakanina da sanin gaskiya, kuma ni da bakina ba ya gajiya da magana ban yi ta ba.

Yaran suka tafi bayan la'asar. Na share ɗakin, na lulluɓe ayyukan, na kulle ƙofa. Har na kai bakin ƙofar lakwal na tsaya. Na tuna yadda mutumin nan ya juya takarda gaba da baya. Na ga shi a raina yana juya bijimi mai guntun ƙaho marar ido, yana cewa to, Madam, an gode. Na dawo na buɗe ɗakin. Na ce ɗan gyara kaɗan zan yi, ƙahon kawai. Na jiƙa yatsa na ƙara masa tsawo ya yi daidai da ɗan'uwansa. Da ƙahon ya daidaita sai kunnen ya fara damuna, na liƙe shi. Na shafe kumburin wuyan. Na ƙara wa ƙafafun baya kauri. Daga ƙarshe na zaro tsinken tsintsiya na buɗe masa idanu, manya, zagayayyu. Na ja da baya na dube shi. Ya fito sak bijimin da ke cikin littafin karatun ƴan aji biyu. Ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji. Na tafi gida ina ganin na ceci yarinya.

Washegari na kwashe ayyukan duka na kai gidan tsohuwar nan. A can suka bushe, a can aka gasa su, ba a dawo da su ba sai safiyar ranar taron. Don haka ba yaron da ya sake taɓa nasa.

Aka jera tebura a gindin dogon yaro, aka shimfiɗa tabarmi. Iyaye suka zo. Baban ƴar Yekuwa ya iso tun jiya da amalankensa, ya kwana gidan ƙanwarsa. Direkta ya yi jawabi da Faransanci, ya maimaita da Hausa, ya yi tsawo duk biyun. Ni ban ji ko kalma ɗaya ba, ina ta gyara zaman abubuwan da ke kan tebur. Da aka gama na ɗauko bijimin da hannu biyu na kai wa mutumin. Ya karɓa, ya juya shi a hankali. Ya ce ya yi kyau. Sannan ya tambayi wanda ya yi. Na ce ƴarsa.

Ya dube ni, ba da daɗewa ba, amma ya isa.

"Madam, ƴata sa ɗaya ta sani a duniya, kuma ba wannan ba ne."

Ya sa mata shi a hannu. Na ga yatsunta sun tafi kai tsaye kan ƙahon hagu, suka bi shi har tsini. Suka koma kunne. Suka sauka wuya suna neman abin da babu. Da suka zo kan idanun sai suka tsaya. Ta juya shi ta shafa ƙarƙashin cikin, inda sawun babban yatsanta yake.

"Cikin nawa ne," ta ce a hankali. "Kan ba nawa ba ne."

Direkta ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce wataƙila wuta ce ta sauya shi, ai yumɓu in ya sha wuta yakan canza. Wata mata a kan tabarma ta ce yaran yanzu ba su da godiya. Kowa ya juyo yana jiran abin da zan ce. Ni kuwa na tsaya da bakina a rufe. Tsoro ne ya kama ni, tsoron direkta, tsoron iyayen, tsoron a ce malama ta yi maguɗi. Na bar yarinya marar gani a tsakiyar mutane tana faɗin gaskiya ita kaɗai.

Babanta bai ɗaga murya ba. Ya ce ba komai, ya gane, kowace sana'a da irin adon da take yi wa baƙi. Ya ajiye bijimin a kan tebur ya ce mata ta je ta ɗauko kayanta.

Na bi su har bakin ƙofa. Amalanken yana ɗaure a inuwa, ga bijimin nan a tsaye yana tuƙa. Ƙahonsa na hagu a karye yake, guntu. Kunnen dama a tsage. A bayan wuyansa, inda itacen amalanke ke zama, fatar ta yi kanta, ta kumbura ta yi baƙi. Duk abin da na shafe da jiƙaƙƙen yatsana ga shi nan a gabana yana kaɗa wutsiya. Uban ya ɗaga ƴarsa ya ɗora a kan buhunan da ke amalanken, ya yi mini sallama cikin mutunci, suka tafi. Abu ɗaya na lura da shi na riƙe: idanun bijimin a buɗe suke, manya, zagayayyu, yadda na yi su.

Hutun nan na damina ban huta ba. Na ɗauko bijimin yumɓun na kawo gida na ɗora a kan kanta. Kwana biyu na sauke shi na tura ƙarƙashin gado. Na sake fito da shi na sa a buhu. Maigidana ya ce ko sa mai rai ba a yi masa kiwo irin wanda nake yi wa wannan. Na wanke labulen da na wanke shekaranjiya, na sauya wa gado wuri sau uku, na yi faɗa da maƙwabciyata a kan kaza. Sau uku ina zuwa bayan tasha wurin goggon yarinyar. Tana murza ƙuli-ƙulinta ta ce ita ba ta da ta cewa, yayanta in ya ce a'a ko uwarsu ba ta juya shi. A hanyar dawowa nakan shirya wa kaina hujjoji. Ai don ita na yi. Ai niyyata mai kyau ce. Ai ko ba komai a kan idanun ina da gaskiya, sa yana da ido, ita ce ta manta. Kafin in kai gida hujjojin sun zube, sai ta idon nan kaɗai, ita nake ta juyawa.

Da marka ta kankama na ga in ban je ba zan haukace. Na je wurin tsohuwa na karɓo yumɓu a buhu, na hau kabu-kabu, babur ɗin haya, muka nufi wajen Yekuwa. Inda yashi ya yi yawa mu sauka mu tura, inda ruwa ya kwanta mu zagaya ta cikin gonaki. Daga ƙarshe mai babur ya ce iyakarsa ke nan, ya nuna mini wata kuka can nesa ya ce ƙauyen yana bayanta, zai jira ni. Na ɗora buhun a ka na kama hanya tsakanin gero da ya fi ni tsawo. Sai da na kusa shiga gari na wuce wani ƙaton tafki, bakinsa duk yumɓu. Wato na ɗauko laka tun daga Magaria na kawo wa masu laka.

Na sami uban a gona. Ya ajiye hauya, muka gaisa, ya tambayi maigida da yara da gajiyar hanya, kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Muka tsaya a gindin wata aduwa. Ban tsaya kwana-kwana ba, don na san in na fara zagaye ba zan faɗa ba. Na ce, "Malam, ni ce na taɓa aikin ƴarka. Ita ta yi shi daidai, ni na ɓata."

Ya ce ya sani tun ranar. Ya ce gyaran bai dame shi ba sosai, garin neman gira ne aka rasa ido, kowa yana yi. Abin da ya tsaya masa shi ne shirun da na yi, har wata ta ce ƴarsa ba ta da godiya. Na sunkuyar da kai. Sai ya ce in biyo shi.

Ya kai ni bayan gida, gindin rumbu, inda ruwa ba ya taɓawa. A kan wani faffaɗan dutse ga shanun laka a jere, sun fi goma, ba a gasa ko ɗaya ba. Kowanne da guntun ƙahon hagu, da tsagaggen kunne, da kantar wuya. Wani a tsaye, wani a kwance, wani ya sunkuyar da kai yana shan ruwa. Ya ce tun da suka dawo take yi, in ta gama aikin gida ƙanwarta ta raka ta tafki. Ya ce maƙwabta har zuwa kallo suke yi, kowa ya gani sai ya ce wannan ai san gidan wane ne.

"Na gani da idona, Madam. Ni na janye maganata. Ita ce ta ce ba ta komawa."

Wannan ban shirya masa ba. Duk hanyar nan da na sha, uban nake shirin roƙo.

Tana zaune a tsakar gida kan tabarma tana tsinke rama a faifai. Kafin in yi sallama ta ce, "Madam, har yanzu takalmin nan ne mai ƙara." Na gaisa da uwarta, na zauna a gefen tabarmar, na faɗa mata abin da na faɗa wa babanta, na ƙara da neman gafara. Hannunta bai daina aiki ba. Ta ba ni labarin ƙahon, cewa a bakin rijiya ya zame ya karye shekara uku da suka wuce, ita ta riƙa shafa masa magani. Kunnen kuwa shaidar gidansu ce, tun yana maraƙi aka tsaga. Ƙafafun baya ta ce gaskiya ba ta san su sosai ba, don babanta ya hana ta zagayawa bayansa kada ya harbe ta. Ta ce waɗannan da na tambaye ta, da ita da kanta za ta ce in taimaka mata. Sai ta ajiye faifan.

"Amma me ya sa kika buɗe masa ido?"

Na ce na ɗauka mantawa ta yi. Har na fara cewa ai na gan shi a bakin lakwal, idonsa a buɗe.

Ta miƙe ta ce in zo. Ba ta nemi a riƙe mata hannu ba, ta san gidansu. Muka je turken da bijimin yake ɗaure. Ya juyo yana kallonmu da manyan idanun nan nasa da na dogara da su wata biyu. Ta yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya sauko da kai. Ta ɗora tafin hannunta a goshinsa ta shafo zuwa ƙasa. Tun kafin yatsunta su kai, ya lumshe ido. Ya bar su a rufe muddin hannunta yana kan fuskarsa, ƴan layuka biyu kawai.

"Ni ban taɓa samun su a buɗe ba," ta ce.

Na tsaya a wurin, hawaye ya zubo mini, na gode Allah da ba ta gani, sannan na ji kunyar wannan godiyar ma. Na ce mata ta dawo lakwal. Na ce ba zan ƙara taɓa mata aiki ba, na rantse. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ɗaga hanci ta ce iskar nan ta ruwa ce, gara in yi sauri kada mai babur ya gudu ya bar ni. Uwarta ta ƙulla mini rama a leda. Buhun yumɓun na bar shi a nan gindin rumbu, ba wanda ya tambaye ni na mene ne.

Aka koma lakwal bayan damina. Yara shida suka dawo. Wurin taga na hana kowa zama. Kullum da safe ina bakin ƙofa, in shiga aji in fito, in aika a duba hanyar tasha, har direkta ya ce in zauna ina sa masa jiri. Mako ɗaya ya wuce. A cikin na biyu, wata ranar Talata, na ji ƙarar sanda a bakin ƙofa, ga ta nan da goggonta. Ta gaishe ni yadda ɗaliba ke gaida malama, ta wuce wurinta ta zauna. A hannunta akwai wani tsohon kwanon sha mai murfi. Na ɗauka abinci ne.

Da yamma muka yi yumɓu. Na zauna a kujera, na sa hannuwana a ƙarƙashin cinyoyina, abin da ban taɓa yi ba. Da lokaci ya yi kowa ya lulluɓe aikinsa ya kai kan kanta yadda aka saba. Ita kuwa ta jiƙa tsummanta, ta naɗe abin da ta fara ginawa, ta buɗe kwanon ta sa a ciki, ta rufe. Ta ce, "Sai gobe, Madam." Ta fita da shi a hannu.

Shekara uku ta ƙara yi a ajina kafin ta wuce gaba. Mun yi dariya tare, ta ci gaba da gaya mini na tare mata haske, na koyi tambaya kafin in miƙa hannu. Amma ko sau ɗaya aikinta bai sake kwana a ɗakin nan ba. Kullum da kwanonta take zuwa, da shi take tafiya. Abin da nake da shi na hannunta guda ɗaya ne, bijimin nan da ke kan kanta a ɗakina, kuma shi ma cikin ne kawai nata.